'Yata ta nono da uwarta minista

An haifi Elsi a shekarar da ta gabaci yaƙin Kuwait, domin na tuna lokacin da mutanen Jidda suka shiga manna salatif a tagogi saboda tsoron hayaƙin guba, tana rarrafe a ɗakin girki tana jan bakin zanena. Bashir ɗana ya girme ta da 'yan makonni. Uwarta ta koma ƙasarsu a shekarar da ɓarin jikin Iya mahaifiyata ya shanye, ta kuma dawo mana tana minista bayan babbar ambaliyar nan da ta riƙa kwasar motoci tana kifa su kan juna. Ni da haka nake riƙe lokaci. Jikata Rahma, wadda ke rubuta mini wannan, ta so ta saka lambobin shekaru, na ce ta bar su.

Abin da ya sa nake faɗa shi ne maganar da kuke yi in kun taru a shaƙƙa, gidan hayar 'yata Saudatu a unguwar Safa, kuna zaton barci ya ɗauke ni. Kuna cewa minista sukutum ta zauna a tabarmar Kaka, ta ce mata faɗi abin da kike so, amma Kaka ba ta roƙar wa ko mutum ɗaya takarda ba. Haka aka yi, ban musa ba. Sai dai ba ku taɓa jin abin daga farkonsa ba.

Sunanta Malama Morag. Doguwa ce, gashinta ja kamar an kwana da lalle, fatarta kuwa ko rana ta leƙe ta sai ta yi jawur. Tana koyarwa a makarantar 'ya'yan baƙi, mijinta kuma yana aiki a inda ake tace ruwan teku. Na shiga gidansu aikin girki da cikin Bashir ƙarami, muna zaune a unguwar Kurayyat. Larabcinta na kasuwa ne, a bakin direba ta fara tsinta, sauran a bakina. Ranar farko na ce da direban ai wannan Baturiyar Ingila tana da fara'a, ashe ta ji. Ta ajiye kofin shayinta ta zo har bakin murhu.

"Ni ba 'yar Ingila ba ce, Hawwa. 'Yar Sikotlan ce. Ingila maƙwabta ne."

"To ai duk Turawa ne," na ce.

"Ke daga ina kika zo?"

"Daga Sudan iyayena suka kawo ni."

"To ke Balarabiyar Sudan ce ke nan."

"A'a, wallahi! Bahaushiya ce ni gaba da baya."

Ta ɗaga mini gira ta koma ta ɗauki shayinta. Daga ranar muka fahimci juna.

Siyasar da kuka ji ta yi daga baya, ni a ɗakin girkin nan na ga tsironta. Wata rana na tafi aiki da Saudatu, Malama ta tambaye ni me ya sa yarinya kamar wannan ba ta makaranta. Na ce iƙamarta ce, takardar izinin zama, ba ta fito ba. Kashegari ta yafa abaya, ta sa direba ya yi ta yawo da ita daga wannan ofis zuwa wancan, tana yi wa maza masu gemu tsawa da Larabcin direbobi. Ba ta ci nasara ba. Sai ta sayo allo ta jingina shi jikin firiji, bayan la'asar tana koyar da Saudatu da 'ya'yan masu gadi ina gefe ina yanka albasa. Shugaban makarantarsu ya kira ta ya ce ta daina, ta ce masa ɗakin girkinta ne. Turancin da Saudatu ke ci da shi yau a mustashfa, asibitin da take aiki, a kan teburin nan ta same shi, tsakanin tukunya da faranti.

Da ta haifi Elsi, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Aka sayo madarar gwangwani kala-kala, yarinya na sha tana amayarwa. Ta rame har kana ganin bugun maɗigarta daga nesa, kukanta ma ya koma kamar na mage. Ni kuwa Allah ya hore mini nono, har jiƙa riga yake yi. Wata safiya ina zaune a ƙasa ina ba Bashir, Malama tana kwance a kan kujera tana kallonmu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini jaririyar. Hannuna ya so ya karɓa, amma na ce mata sai na tambayi uwata. Ta ɗauka wasa nake yi. Iya kuwa ba ta aiko da amsa ba, da kanta ta hau tasi ta zo, ta ƙi zama a kujera, ta shimfiɗa mayafinta a tsakar falo, ta sa aka kira maigidan ya tsaya.

"Hawwa, faɗa mata da Larabcin da za ta gane," in ji Iya. "Nono ba shayi ba ne da za a ba baƙo ya sha ya kama gabansa. In yarinyar nan ta kama, ta zama taki har tashin ƙiyama. Isiyaku mijinki ubanta ne. Bashir yayanta ne, babu aure tsakaninsu."

Malama ta yi dariya da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Aure? Ko ido ba su gama buɗewa ba."

Iya ba ta yi dariya ba. "Ta ce ta yarda, ko kuwa mu tashi."

Malama ta dubi mijinta, ta dubi Iya, ta ce, "Muwafiƙa. Na yarda."

Sannan na karɓe ta. Ta kama kamar mai jin haushin an daɗe ba a ba ta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne shekarun da na fi so a duk rayuwata, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban 'ya'yan cikina. Goyo ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa. Ranar Alhamis in an tashi aiki da ita nake tafiya Kurayyat, ta kwana a tsakaninmu. Hausa ta fara ji kafin yaren uwarta. Tuwo da miyar kuka take ci da hannu har gwiwa, in aka ba ta cokali ta jefar. Malam Isiyaku tela ne, in Sallah ta zo daga yadi ɗaya yake yanka musu ita da Bashir, ya zaunar da ita a kan cinyarsa ta riƙa taya shi juya keke. Matan lungunmu ba sa barin mu wuce lafiya.

"Hawwa, wannan da wane sabulu kika wanke ta?"

"Dangin uba ta biyo," nake ce musu.

Malam Isiyaku kuwa, Allah ya ji ƙansa, baƙi ne wuluk, in ya ji haka sai ya leƙo daga shago ya ce gaskiya ne, haka kakarsa take.

Shekarar da abin ya juya, 'yar'uwar Malama ce ta bugo mata waya daga gida. A wani tsibiri aka haife ta, garin masunta, kuma hukumar yankinsu ta yanke za ta rufe makarantar garin saboda yara sun yi kaɗan. A nan ubanta ya koyar, a nan ita ma ta koyi karatu. Ta yi kwanaki tana zagaye gida kamar an ɗaure damisa. Ta zo ta same ni ina tsince shinkafa ta ce in aka rufe makarantar iyaye za su kwashe 'ya'yansu su koma birni, a bar tsofaffi da kwale-kwale, gari ya mutu. Na ce to ta rubuta wa sarkinsu mana. Ta ce masu yanke hukuncin zaɓensu ake yi, kuma ita za ta koma ta tsaya a zaɓe ta. Na tambaye ta yaya ake yi. Ta ce gida-gida za ta bi tana ƙwanƙwasa ƙofa tana roƙon mutane. Na ce subhanallahi, malama guda ta koma kamar mai tallan turare? Ta yi dariya, sannan ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba.

"Ki zo mu tafi, Hawwa. Ke da Bashir. Zan yi muku takardu. In kun zauna, sauran su biyo baya."

Na kai maganar gida. Saudatu ta riƙe ƙafata tana kuka, tana cewa Ummi ki je, ki je don Allah, a can ba a tambayar yaro iƙama a ƙofar makaranta. Malam Isiyaku ya yi ta taka kekensa har ya kai ƙarshen jallabiyar da yake ɗinki, sannan ya ciji zare ya ce:

"Ba zan hana ki ba. Amma ni da keken nan a nan za mu tsufa."

Iya na kwance a ɗaki, ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, ni nake juya ta, ni nake mata wanka. Bakinta ya karkace amma kunnenta garau. Ta kira ni.

"Je ki in kina so. Saudatu ta isa juya ni."

Saudatu a lokacin ko tukunyar tuwo ba ta iya saukewa ita kaɗai. Na duba, na ga Elsi uwa biyu gare ta, Iya kuwa 'ya ɗaya. Na koma na faɗa wa Malama. Ta yi ta kawo hujja kamar yadda take yi wa mutanen ofis, da ta ga ba ta samu ba sai ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta shigo ɗakin girki ba.

Ban raka su filin jirgi ba. Da safen tafiyar na goya Elsi, ta yi girman da ƙafafunta ke dukan cinyata, na yi ta zagaye tsakar gida da ita ana loda akwatuna, har ta yi barci. A bakin mota na kwance goyon, Malama ta karɓe ta, na naɗe zanen na cusa a gefenta. Motar ba ta kai ƙofar waje ba na ji ta farka tana kiran Ummi. Na yaye ta tuntuni, nono ya daɗe da ƙafewa, amma ranar ƙirjina ya yi tsami kamar na mai sabon jego. Na koma Kurayyat a ƙafa duk nisan nan, don ba na son in zauna kusa da kowa.

Da farko hotuna na zuwa, Saudatu ta karanta mini abin da ke bayansu. Ga Elsi cikin rigar sanyi kamar an naɗe ta da katifa. Ga ta ta yi giɓi. Malama ta ci kujerar hukumar yankinsu, makarantar ba a rufe ba. Na dafa shinkafa na raba wa lungu. Da ƙasarsu ta sami majalisarta ta kanta, ta tsaya ta faɗi, ta sake tsayawa ta ci. Daga nan hotunan suka sauya, na Elsi suka ragu, sai na Malama a jarida tana nuna wani da yatsa. Na san yatsan nan. Muka tashi daga Kurayyat muka koma Bani Malik bayan Iya ta rasu, saƙo ya riƙa ɓata a hanya, har ya ɗauke. Bashir ne ya zo wata rana ya ce ya gani a kwamfuta, an ba ta minista mai kula da makarantu. Na ce ai ta daɗe da zama, allon ne kawai ya ƙara girma.

Sai ga wani mutum daga ƙunsuliyya, ofishin jakadancinsu, da mota, ya yi ta tambaya har ya gano mu. Ya ce wazira, wato Malama minista, ta zo Jidda da tawaga kan sha'anin karatu, gobe za ta wuce, tana so a kai ni otal in gan ta. Gidan nan ya kaɗa. Lokacin kafilin Bashir, ubangidan da ya tsaya masa a kan iƙama, ya riƙe masa takardu yana wasa da shi, ɗan Saudatu na fari kuma ya gama firamare da sakamako mai kyau babu sakandaren da za ta karɓe shi. Kowa ya zo yana koya mini abin da zan ce. Bashir ya ce yalla Ummi, sa abayarki. Na ce da mutumin ya koma ya gaishe ta, ya ce mata ina gida. Ita ce ta zo gari, kuma ba a aika wa uwar 'yar mutum mota kamar za a ɗauko kaya. Bashir ya dafe kai. Saudatu ta ce halas, Ummi ta kashe mu.

Bayan la'asar sai ga ta. Motocinsu suka kasa shiga lungu, ta sauko ta tako a ƙafa, 'yan sanda na biye, yara na biye da 'yan sanda. Jan gashin ya zama fari fat. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata, ta rungume ni, ta zauna a tabarma da ƙyar saboda gwiwa. Na sa mata tuwo ta ci da hannu. Wani ma'aikacinta na tsaye yana duba agogo. Larabcinta ya yi tsatsa, inda ta maƙale Saudatu na cike mata.

"Ina 'yata?" na ce.

"Tana jami'a, tana karatun dabbobin teku. Ta yi tsayi, ta fi ni. Tana gaishe ki."

"Da wane suna take gaishe ni?"

Ta tsaya da loma a hannu.

"Ta san akwai matar da ta raine ta a Jidda."

"Raino. Nonon fa?"

"Ban faɗa mata ba, Hawwa. Da muka je ta yi hunturu guda tana kuka da sunanki, ba ta cin abinci. Aka ba mu shawara mu daina ambatonki har ta saba. Daga baya zaɓe ya zo, wani zaɓen ya zo. Ban sami ranar ba."

Ta goge hannu, ta dafa gwiwata ta ce lokacinta kaɗan ne, in faɗi abin da nake so, duk abin da take da iko a kai za ta yi. Na ji yatsan Bashir yana danna mini ƙafa ta ƙarƙashin zane.

"Ki faɗa mata," na ce. "Ki zaunar da ita ki faɗa mata wanda ya ba ta nono, da sunan ubanta na nono, da sunayen 'yan'uwanta. A gaban Iya kika ce kin yarda, mijinki na tsaye."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta dubi Bashir, ta dubi Saudatu, don ba wawuya ba ce, ta ga abin da ke fuskokinsu. Ta sake tambaya ko babu wani abu. Na ce babu.

Bashir bai yi mini magana ta arziki ba sai da Sallah. Ɗan Saudatu yau waya yake gyarawa a shago, kuma in na gan shi sunkuye a kan ƙaramin sukurdireba raina na ɓaci. Ba na ce muku ba za ta iya yi masa wani abu ba, wataƙila da ta yi. Amma na yi aiki a gidajen manya, na san halinsu ko da na kirki ne. In ka miƙa musu buƙata biyu, mai sauƙin suke ɗauka, su yi ta da kyau, su ji sun sauke nauyi. Nema wa yaro makaranta wajenta kiran waya ne. Zama gaban 'yarta ta ce na ɓoye miki uwa, wannan ne ta yi shekaru tana gudu. Da na haɗa su, da yau Elsi na yawo a duniya ba ta san tana da 'yan'uwa ba.

Ba a daɗe ba Saudatu ta ce Malama ta ajiye ministan. An kawo mata takarda ta sa hannu a rufe wasu ƙananan makarantun ƙauye don a rage kashe kuɗi, ta ƙi, ta tattara kayanta ta koma tsibiri. Daga nan shiru. Na yi ta jira har na daina tambaya.

Sai a shekarar annoba, lokacin da aka rufe Harami muka ga Ka'aba a talabijin babu mai ɗawafi, wayar Saudatu ta yi ƙara da hantsi. Ta duba, ta zauna a ƙasa ba shiri, ta miƙo mini. Wata mace ce a cikin gilashin, ja, da jariri a ƙirji. Goshin na fara ganewa. Ta ce uwarta ta faɗa mata tun a makon da ta bar ofis, amma ba ta san yadda za ta yi da maganar ba, ta ajiye ta, sai da ta haihu ta sa nata a nono. Hausa ta gudu daga bakinta, ko kalma ɗaya babu, Saudatu ce ke juya mana. Ta tambaya ko ta ba ni wahala.

"Kin fi Bashir cizo," na ce.

Ta yi dariya har jaririn ya saki nono, sannan ta rufe fuska da hannu. Aka kira Bashir, ya tsaya ƙerere da gemunsa, sai ya ce a tambaye ta ko har yanzu tana jefar da cokali. Ta ce za ta zo in hanya ta buɗe. Hanya ta buɗe. Ta sake haihuwa, ga aiki, ga uwarta ba lafiya. Tana kira da Sallah. Ina ganinta a tafin hannu, ba na iya shinshina kanta.

Cikin waɗanda suka san ɗakin girkin nan, Iya ta tafi, Malam Isiyaku ya tafi, duka biyun a Makka aka kwantar da su. Mijin Malama ya mutu, direban ma an ce ya rasu a ƙasarsu. Malama Morag na nan a tsibirinta da sanda, an ce har yanzu in an yi taron gari ita ke fara ɗaga hannu. Saudatu na nan, Bashir na nan, Elsi na nan da 'ya'yanta, sai ni.

Na san kun riga kun shirya a ranku za ku kai ni Makka kusa da Iya da Malam Isiyaku, kamar yadda kowane Bahaushen garin nan yake roƙon Allah. Ni ma na roƙa. Kada ku kai ni. Elsi ba Musulma ba ce, ba za a bar ta ta wuce shingen hanyar Makka ba. Ku binne ni a nan Jidda, inda tasi zai iya kawo ta daga filin jirgi. Mata ba sa shiga maƙabarta, na sani. Ta tsaya a bayan katanga tare da Saudatu, Bashir ya nuna mata saitin.